Juwairiyya Mai Daddawa Ta Yi Magana

A Dingyaɗi aka haifi Juwairiyya, gidan manoma, ita ce ta fari a ɗakinsu. Tun ba ta kai tsawon taɓarya ba kakarta ta ja ta jiki ta koya mata daddawa: yadda ake dafa kalwa har ta yi laushi, a surfa, a kai bakin rijiya a wanke har ruwan ya fita tas, a sake ɗora ta kan wuta, sannan a juye cikin masaki a lulluɓe, a bar ta a ɗaki mai ɗumi har warinta ya tashi. Sana'a ce mai cin itace da cin ƙarfi, amma Juwairiyya ta riƙe ta da hannu biyu. Da aka kai ta gidan mijinta Malami a Lambara, tukunyar dafa kalwa na cikin kayan da suka bi ta.

Malami manomin albasa ne, mutum marar yawan magana. Ranar kasuwar Shagari yakan ɗaure buhunansa a kan jaki, ya ɗora kwandon daddawar matarsa a sama, ita kuma ta biyo shi a baya da ƙwarya a ka. Mata daga ƙauyuka suka san ta, har ta kai in ba ta zo kasuwa ba sai a aika yara gida a tambaya ko lafiya. Ta haihu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma Allah bai bar mata ko ɗaya ba. Wanda ta raina har ya zama mutum shi ne Ashiru, ɗan ƙanen mijinta, da aka ba ta tun daga yaye. Bai san wata uwa ba sai ita.

Haka rayuwa ta yi ta tafiya har Malami ya rasu. Ashiru ya zama direban babbar mota mai kai albasa kurmi, in ya tafi sai ya yi makonni ba a gan shi ba. Matarsa da ƙananan 'ya'yansa suna cunkushe a ɗaki ɗaya na haya a Sakkwato. Juwairiyya ta ci gaba da zamanta a Lambara, tana ɗan taɓa sana'a gwargwadon ƙarfinta, har wata damina mai ruwa da yawa bangon ɗakinta ya jiƙe ya rufto mata a kwankwaso. Maƙwabta suka ciro ta, aka kai ta asibiti. Ta tashi, amma ba ta ƙara tsayawa da ƙafafunta ba sai da sanda, kuma ko bayan gida sai an kama ta.

Ashiru ya zo ya durƙusa gabanta, ya daɗe bai ɗago kai ba. Ya ce mata akwai wani gida a Boɗinga da mutanen gari suka haɗu suka gina domin dattawan da ba su da mai kula da su a kusa. Akwai abinci, akwai masu aiki, kuma yana kan hanyarsa, duk wucewa zai tsaya.

"Inna, wallahi ba yasar da ke zan yi ba," in ji shi.

"Na sani, Ashiru. Amma mi za a ce Lambara? A ce matar Malami ta ƙare gidan gajiyayyu?"

Ashiru ya shiga share hawaye da hularsa. Ganin haka ta ce ya tashi ya ɗaure mata kayanta.

Gidan ba laifi. Katanga ce ta zagaye fili mai faɗi, ɓangaren maza daban, na mata daban, ga famfo, ga babbar darbejiya a tsakar gida. Wasu tsofaffin ma da safe ake kawo su, su wuni cikin 'yan'uwa, da yamma a zo a ɗauke su. Sai dai tun ranar da Juwairiyya ta shiga ta yanke wa kanta hukunci: ita baƙuwa ce mai cin abincin da ba ta noma ba, don haka abin da aka ba ta za ta karɓa, abin da ta gani za ta kau da kai. Macen da muryarta ke cika rumfar kasuwa ta koma ba a jin bakinta sai gaisuwa.

Ɗaki ɗaya aka haɗa ta da wata tsohuwa, Hasiya, Bafillatana daga wajen Horo Birni. Siririya ce fara, da alama ta yi kyau a zamaninta. Gigin tsufa ya kama ta. Da safe takan zauna lafiya, ta yi ta 'yan waƙe-waƙenta da Fillanci, wani lokaci ta ba Juwairiyya labarin rugarsu tiryan-tiryan kamar jiya aka yi. Amma da la'asar ta yi sai hankalinta ya tashi. Ta miƙe ta ɗauki ƙwarya, wai shanu sun kusa dawowa, ba wanda zai tatsa. Shanun kuwa an rabu da su shekaru da yawa. Tun ranar farko ta laƙa wa Juwairiyya suna Adda, wato yaya, ko da yake Hasiya ce babba nesa ba kusa ba.

Mai kula da ɓangaren mata ita ce Ladi, bazawara mai matsakaicin shekaru. Ita ce wanki, ita ce wanka, ita ce shara, ita ce kuma ke taya dafa abinci. Da farko Juwairiyya ba ta ga aibunta ba, illa saurin fushi. Sai wata rana Hasiya ta sulale ta ƙofar gida ba wanda ya lura, aka tsince ta a bakin babban titi, manyan motoci na wucewa ta gabanta, tana ɗaga musu ƙwarya. Aka yi wa Ladi faɗa sosai a gaban mutane. Washegari da la'asar ta shigo ɗaki da tsumman zane, ta ɗaure ƙafar Hasiya a jikin ƙarfen gado.

Abu ya fara da tsumma, ya koma igiyar shanya. Ya fara da la'asar kawai, ya koma tun bayan azahar. Hasiya ta yi ta fisga har fatar idon sawunta ta saluɓe. In ta ɓata shimfiɗa, Ladi ta kai mata duka a cinya, ta ja ta tsakar gida ta tuɓe ta ta yi mata wanka a fili, ko labule babu, tana kiranta mahaukaciya. Daga baya ta rage mata ruwan sha don kada ta yawaita fitsari. Ana cikin watannin zafi, leɓen Hasiya ya bushe ya tsattsage.

Juwairiyya takan jira Ladi ta fita, ta miƙa wa Hasiya nata kofin ruwa. Ran nan Ladi ta dawo ɗaukar tsintsiya ta kama ta. Ba ta yi ihu ba, sai ta tsuguna kusa da ita ta rage murya.

"Inna, ba ke ka wanke shimhiɗa ba, ni ka wankewa. Kuma in gaya miki, in maganar ga ta hita, ruhe gidan za a yi, kowa shi koma inda yaf fito. Ke ina za ki koma?"

Wannan tambaya ta zauna wa Juwairiyya a ƙirji. Ina za ta koma? Ɗakinta ya zama tarin ƙasa. Ashiru ya tsaya sau da yawa da tsarabar lemo da burodi, ya tambaye ta ko akwai damuwa, ta ce lafiya lau. Ba ta son ta ɗora masa kayan da ba shi da inda zai sauke.

Akwai wata malamar jinya, Nafisa, da masu kula da gidan suka roƙa ta riƙa zuwa duk mako tana auna hawan jinin tsofaffi. Da hantsi take zuwa, kuma ranar zuwanta igiya ɓacewa take yi, a sa wa Hasiya safa a ƙafa, a ɗaura mata sabon kallabi. Wani zuwa da ta yi, bayan ta gama awo ba ta tafi ba. Ta sa aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiya, aka tara maza da mata, ta roƙi ma'aikata su ɗan ba su wuri. Ta ce ta halarci wani taron horarwa a kan kula da tsofaffi, kuma akwai abin da ta ji da bai kamata ta riƙe ita kaɗai ba.

"Iyayena," in ji ta, "zaman da kuke yi nan ba bara kuke yi ba. Kun yi ma mutane aiki da ƙarhinku, yanzu lokacin a yi muku ne. Ba wanda ke da ikon shi buge ku, ko shi zage ku, ko shi hana muku ruwa. Ba a ɗaure mutum kamar dabba, ko da hankalinai ya gushe. Jikinku al'aura ne yadda yake tun kuna da ƙarhi. In an yi muku abin da ba ku so, ku hwaɗi."

Wani tsoho makaho daga ɓangaren maza ya yi dariya. "Ɗiyata, magana ta yi daɗi. To in munka hwaɗi, wa ka ba mu tuwo gobe?"

"Wanda yab ba ku jiya, Baba. Na yi magana da Malam Zayyanu, shugaban kwamitin gidan ga, ya ɗauki alkawari ba za a kori kowa ba don ya kawo kuka."

Aka watse kowa na jinjina kai. Juwairiyya ta ja sandarta ta koma ɗaki. Ta ga masu alkawari da yawa a rayuwarta. Amma maganar nan ta cewa ba bara suke yi ba ta ƙi barin kunnenta.

Bayan 'yan kwanaki, wata la'asar mai tsananin zafi, Hasiya ta gaji da fisgar igiya ta zauna a ƙasa. Ta dubi Juwairiyya da idanu tangaran, kamar hankalinta ya dawo gaba ɗaya.

"Adda, mi na yi musu?"

Juwairiyya ta kau da kai, Hasiya ta sake kiranta.

"Adda, kwance ni. Maraƙi na kuka."

Juwairiyya ta sauko daga gado da ƙyar, ta ja jiki a ƙasa, kwankwaso na sukarta, har ta kai ga ƙafar Hasiya. Ta yi ta fama da ƙullin, amma ya ɗaure tam, yatsunta kuma ba sauran ƙarfi. Ta gwada da haƙori, 'yan haƙoran da suka rage ba su yi komai ba. Sai ta ɗora ƙafar a cinyarta ta riƙe, ta ga gyambon da ke ƙarƙashin igiya ya fara ruwa, ƙudaje na bi. Nan ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar Malami. Hasiya kuwa sai shafa mata kai take yi tana cewa ta yi haƙuri.

Da Nafisa ta dawo, ta ɗaura wa Juwairiyya abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa.

"Inna, jininki ya hau ƙwarai. Mi ka damunki? Ko Ashiru ne bai zo ba?"

Ladi na tsaye bakin ƙofa da bokiti. Juwairiyya ta dube ta, ta dubi Hasiya da ke zaune da sabon kallabi.

"Ɗiyata," ta ce, "ni lahiyata lau. Cire ma Hasiya safa ki gani."

Nafisa ta durƙusa ta zare safar a hankali, don ta manne da ciwon. Ba ta dubi Ladi ba ma. Ta buɗe jakarta ta wanke gyambon ta sa magani ta naɗe, sannan ta fita tsakar gida ta kira Malam Zayyanu a waya. Ba ta bar gidan ba sai da ya iso.

Malam Zayyanu malamin makarantar allo ne, dattijo mai furfura, ko da yake a cikin mazauna gidan akwai waɗanda suka isa su haife shi. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya ƙi kujerar da aka kawo masa, ya zauna a ƙasa. Ya ce wa Juwairiyya ta faɗi duk abin da ta gani, kada ta rage komai. Ta faɗa: igiyar, dukan, wankan tsakar gida, ruwan da aka hana, da barazanar rufe gida. Da ya bi sauran ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi bakuna sun buɗe. Wata ta ce an taɓa murɗe mata kunne. Wata ta ce ta daina neman a kai ta bayan gida don gudun tsawa, sai ta riƙa ƙin cin abinci. A ɓangaren maza ma an sami masu ƙorafi.

Aka kira Ladi. Ba ta musa ba, sai ta fashe da kuka. "Malam, hannuna biyu ne. Ranar da tab ɓace ni anka zaga. In na bar ta mota ta take ta, ni za a ce na kashe ta."

Juwairiyya ta ɗaga hannu. "Allah shi gahwarta Malam, ina da sauran magana. Abin da Ladi ta yi, ta yi shi, kuma ba daidai ba ne. Amma tun da niz zo gidan ga ban taɓa ganin ta zauna ta ci abinci ba, tsaye take ci. Kun tara mata tsohi wuri guda, kun ba mace guda, kun tahi. Ku ma ku dubi naku."

Malam Zayyanu ya sunkuyar da kai. Ya ce gaskiya ta faɗa, sun gina ɗakuna sun ɗauka aiki ya ƙare. Ya nemi gafarar tsofaffin a madadin kwamiti, ya matsa gaban Hasiya ya nemi tata, ita kuwa ta tambaye shi ko ya ga shanunta a hanya.

Ba a rufe gidan ba, ba a kuma kori ko tsoho ɗaya ba. An sanar da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, suka turo aka duba. An sallami Ladi daga aikin, domin Nafisa ta tsaya kai da fata cewa wanda ya ɗaga hannu a kan tsoho ba zai ci gaba da riƙon tsofaffi ba, kowane irin uzuri gare shi. Aka ɗauki mata biyu a madadinta, Nafisa ta zauna da su ta koya musu yadda ake ɗaga mutum, yadda ake yi masa wanka a rufe, da yadda ake neman izininsa kafin a taɓa shi. Aka sa wa banɗaki ƙofa, aka gyara sakatar ƙofar gida, aka sami mai gadi. Ba duka aka yi rana ɗaya ba, wasu ma sai da aka yi ta tuni.

Maganar Hasiya kuwa, tsohon nan makaho ne ya kawo shawara. Ya ce mutumin da ya tashi cikin dabbobi ba zai natsu ba sai ya ji warinsu. Wani maƙwabci ya ba da awaki biyu, aka yi musu ɗan turke a bayan ɗakunan mata. Da la'asar ta yi, sai Hasiya ta ɗauki ƙwaryarta ta nufi can, ɗaya daga cikin sababbin ma'aikatan na biye da ita. Ta ba su dusa, ta kira su da sunayen shanunta na da, ta yi musu faɗa da Fillanci, ta dawo ta zauna tana haki tana murmushi. Ba ta ƙara neman ƙofar gida ba sai jefi-jefi.

Da Ashiru ya ji abin da ya faru, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce don me ba ta gaya masa ba. Ta ce tsoro ta ji, kuma yanzu ya wuce. Tsofaffin mata suka zaɓe ta ta zama bakinsu. Duk wata kwamiti na zama da ita da wakilin maza, ba ma'aikaci ko ɗaya a wurin, su faɗi abin da ke damun mutane.

Hasiya ta ƙara shekara guda da wani abu. Gyambon ya warke ya bar tabo. Ta rasu wata safiya, kanta a kan cinyar Juwairiyya, ana yi mata kalmar shahada tana bi. Ranar sadakar uku sai ga Ladi, wadda ta koma tuyar ƙosai a tasha. Ta tsaya bakin ƙofa da ƙullin goro ta kasa shiga. Juwairiyya ta kira ta.

"Shigo, Ladi. Zauna nan."

"Inna, na so in zo tun tana da rai, kunya ta hana ni."

"Wadda za ki roƙa ta tahi. Ki riƙa yi mata addu'a, shi yar rage miki. Ni dai tsakanina da ke ba komi."

Suka zauna tare har azahar, ba su yi wata doguwar magana ba.

Yau Juwairiyya na nan a gidan, ta ƙara tsufa, ido ya rage gani, amma murya ta dawo. In an tambaye ta labarin nan, ba ta yarda a ce ita ta yi wani abu. Takan ce ta daɗe tana kallo ba ta yi magana ba, Allah ne ya kawo yarinyar da ta gaya musu suna da haƙƙi, ya kuma ba su shugaban da ya ji gaskiya bai yi fushi ba. Bayan kowace salla tana ambaton Nafisa da Malam Zayyanu da Ashiru, da matan da ke ɗaga ta suna kwantarwa, har da maƙwabcin da ya ba da awaki, wanda ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

A zaman kwamiti na baya-bayan nan, ta fara da godiya mai tsawo, ta yi addu'a har kowa ya shafa. Malam Zayyanu ya fara naɗe rigarsa zai tashi.

"Malam, ban ƙare ba," in ji ta. "Dakalin ƙohwar masallacin mata ya yi tsawo, masu sanda ba su iya hawa. Kuma sauro ya dawo, gidajen sauron duk sun yage."

Malam Zayyanu ya yi dariya ya koma ya zauna. "To, Inna, muna jin ki. Ci gaba."